Sunan da ke Jikin Batir

Sabiha ba ta kashe motar ba da ta tsaya a ƙofar shagon Hajji Radi, don ta san in ta kashe, sai dai a tura. Zafin birnin Basra na watan takwas ya riga ya kunno tun ƙarfe tara, ita kuma ranta ya fi garin zafi. Sau uku a mako take kai mijinta Falih wankin ƙoda. Wanda ya makara a can, gadonsa ya zama na wani. Yau saura ƙiris su rasa, don motar ta yi ƙememe, ko tari ba ta yi ba, Falih na kujerar baya ƙafafunsa a kumbure. Allah ya taimaka ƙanenta Mushtaƙ ya zo a guje da tasinsa, ya jona waya daga batirinsa zuwa nata, ta tashi. Tana ajiye Falih a asibiti ta nufo nan.

"Hajji, ka ji tsoron Allah," in ji ta, ko sallama babu. "Batirin da ka sayar mini a wata na uku ke nan? Wata biyar kacal!"

Hajji Radi tsoho ne mai hannu duk tabon ruwan batir. Ya ajiye kofin shayinsa bai ko kalle ta ba.

"Wa alaikumus salam, Ummu Karrar," ya kira ta da alkunyarta, "tunda kin manta taki. Kashe ta. Buɗe bonet."

"In na kashe ba za ta tashi ba."

"A shagon batir kike, baiwar Allah, ba a gidan burodi ba."

Ya maƙala mita a kawunan batirin, ya ce ta murza makulli. Allurar ta faɗi ƙasa kamar an yanke mata igiya. Ya kwance murafu shidan nan, ya riƙa zuƙo ruwan kowane rami da wani bututun gilashi yana ɗagawa sama. Na huɗu ya fito baƙi ƙirin.

"Wannan ramin ya mutu. Ba jiya ba, ba bara ba ma."

"To ai ka ji da bakinka! Mushe ka sayar mini, da mara lafiya a gida."

Nan tsohon ya ɗago. Ya jiƙa tsumma, ya goge maiƙon da ya daskare a gefen batirin. Duk unguwar an san al'adarsa: batir ba ya fita shagonsa sai ya karta kwanan wata da sunan mai shi da ƙusa. Takarda tana ɓata, in ji shi, ƙusa ba ta ƙarya. Ya sunkuya ya karanta. Ya maida tsumman ya rufe wurin.

"Ummu Karrar, bari in sa miki wani, magana ta ƙare."

"Ɗaga hannunka, Hajji."

"Ba sai kin gani ba."

"Na ce ka ɗaga."

Rubutun nasa ne, ba shakka. Shekara huɗu da suka wuce. A ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe: Mushtaƙ.

Sabiha ta dafa motar, ƙarfen ya ƙona ta, ba ta janye hannu ba. Sai yanzu ta tuna ranar da ya karɓi makullin, sati uku da suka wuce, wai zai kai a wanke mata, ita ta huta. Har da turare ya fesa a ciki, ɗan albarka! Mushtaƙ fa, wanda ta goya bayan rasuwar uwarsu, wanda ta bar makaranta don shi ya yi. Ya san ranakun wankin ƙodar nan sarai, shi yake kama Falih wani lokaci su sauko da shi daga bene. Abin da ya fi ci mata rai shi ne safiyar yau. Da batirinta ya tayar mata da mota, ita kuma tana tsaye a titi tana hawaye tana sa masa albarka, har da sumbatar kansa. Ga kuma kunyar tsohon da ta zage tas a bakin shagonsa.

"Ka yafe ni, Hajji."

"Ba komai. Wataƙila yaron..." Ya ɗauki sifana.

Yana cikin kwance batirin wayarta ta yi ƙara. Mushtaƙ ne, muryarsa garau, ana jin rediyon tasinsa.

"Yaya, kun isa lafiya? Kar ki damu fa, jibi ma in ta ƙi tashi ki kira ni kawai. Mene ne amfanin ƙane?"

"Ina shagon Hajji Radi," ta ce. "Ka kawo motarka, zai goge gefen batirinka mu gani."

Rediyon ya ci gaba da waƙa a kunnenta. Ta jira ya ce wani abu, ko da ƙarya ce, wallahi da ta karɓa. Sai wayar ta katse.

Hajji Radi ya ɗora sabon batir, ya ɗauko ƙusarsa.

"Sunan mijinki Abu Karrar zan sa, kamar wanda na sayar miki?"

"Sa nawa," in ji Sabiha. "Kuma in kana da sarƙa da kwaɗo, ka ɗaure mini shi."