Fuloti na Biyu

Kotu ta raba auren Hiske da Douwe a watan Maris, amma banki bai raba su ba. Sunayensu biyu na nan a kan takardar gidan da kuma bashin jinginarsa. Hiske ta samu wani ɗan ƙaramin gida a birnin Leeuwarden, sai dai ba za a ba ta rancen sayensa ba sai ta fita daga tsohon bashin, mai sayarwar kuma ya ce ba zai jira ta wuce Juma'a ba.

Ranar Litinin suka zauna gaban Uwargida Wiarda, lauyar da ke buga hatimin takardun filaye. Ta ba su kofi, ta soma karanta takardar rabon da ta bar wa Douwe gidan, sai ta tsaya.

"Akwai gyara. Gidan da lambarsa a rajistar filaye, siririn filin bayansa lamba dabam. Wannan takarda gidan kaɗai ta ambata, jingina kuwa ta haɗa duka biyun."

Tun 1832 ake rubuta kowane yanki da lambarsa, rajistar ba ta san mantuwa ba. Su ne suka manta cewa filin daga maƙwabci suka saya, shekara biyar bayan tarewarsu. Ta gefensa magudanar ruwa ta bi, kuma mai suna a kan filin shi hukumar ruwa ke nema kowace kaka, in ta zo duba ko an yashe ciyayi. Shekara goma sha tara Hiske ce ke shiga ruwan har ƙugu da manjagara.

"To, a ƙara masa shi," in ji Hiske.

"A ƙara wa wa?" Douwe ya ajiye kofinsa. "Gida na ce ina so, ban ce ina son taɓo ba."

"Sannu, mai gida. Ruwan wankanka ina kake tsammanin yake zuwa?"

"Kin san ciwon bayana."

"Na san shi sarai. Ba ya tashi sai Oktoba."

Uwargida Wiarda ta ce in bai karɓa ba, banki ba zai saki Hiske ba. Douwe ya daɗe yana juya cokali, sannan ya ce zai karɓa, da sharaɗin ta riƙa zuwa yini guda a shekara ta yashe.

Hiske ta yi tunanin ɗan gidan nan mai taga biyu, da Juma'ar da ke matsowa. Yini guda ba wani abu ba ne. Amma ta ga kanta kowace kaka tana shiga ta ƙofar baya, tana tambayar inda aka kai manjagara.

"Ba zan zo ba, Douwe. Ko yini ko rabinsa."

"Za ki rasa gidan naki fa."

"Sai in rasa. Kai kuma ka ci gaba da kwana ƙarƙashin sunana."

Ya dube ta, ya dubi lauyar, ya yi tsaki.

"Rubuta taɓon ma, ranki ya daɗe."

Ranar Alhamis da safe banki ya amince, suka sa hannu a kan lambobin biyu. Hiske ta hau kekenta zuwa tasha, don ta cim ma jirgin ƙasa na ƙarfe goma zuwa Leeuwarden.