Ƙofar Ruwan Alvise

"Jirgin nan ba zai wuce ba," na ce da Tiziano. Na tsoma filafili a ƙarƙashin gadar, na zaro, na nuna masa inda ruwa ya tsaya. "Saura yatsu uku. Bayan jirgin zai daki dutse."

Tiziano ɗan marigayi Alvise ne, shekararsa talatin yana zaune a birnin Milan. Shi ya tsayar da ƙarfe goma da fadan coci, ya tsayar da sha biyu da masu haƙar kabari a tsibirin makabarta, bai tambayi kowa lokacin da ruwan teku zai hau ba. A unguwarmu ta Cannaregio, inda ruwa ne titinmu, ko mai kawo kabeji yana duba ruwa kafin ya yi alkawari. Rashin sani ya fi dare duhu.

"To mu ɗauke shi a kafaɗa, Baba Ottorino. Mu bi lungu, jirgi mai inji yana can bakin babban ruwa."

"A'a."

"Ya mutu fa. Ba zai sani ba."

"Ni zan sani."

Alvise Zennaro maƙwabcina ne shekara sittin da ɗaya. Sana'arsa sassaƙa filafili. Ba mu cika shiri ba, bakinsa ya yi kaifi. Kwana huɗu kafin ya cika na kai masa romon kifi, na same shi a kujera jikin taga, bargo a gwiwa, yana kallon baƙi 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoton wandonsa a igiyar shanya da ke tsakanin tagarsa da tawa.

"Dube su," ya ce. "Har wandona ya je Japan, ni ban je ba." Ya kurɓi romon. "Gishiri ya yi yawa. Ottorino, ta ƙofar ruwa aka shigo da ni ina jariri, ta nan aka fitar da matata. Kada ka bari a ratsa lungu da ni kamar buhun gari, waɗannan suna ɗaga waya."

"Kai ma ka san ba yanzu za ka mutu ba. Mugu bai da saurin tafiya."

"Ka yi alkawari, tsohon banza."

Na yi. Alkawari kuwa kaya ne.

Yanzu ga akwatin gawarsa a jirgi, an fito da shi ta ƙofar gidansa mai buɗewa kan ruwa kamar yadda ya so, ga gada ta tare hanya. Iskar kudu na kaɗawa, ruwan ba zai janye ba sai yamma. Dabarar tsofaffi ɗaya ce, a cika jirgi da mutane ya ƙara nitsewa. Da can sai dai in yi fito, maza goma su sauko. Na waiwaya, maƙwabtan da suka rage tsofaffi mata ne guda biyu, haɗe da sandunansu ba za su kai buhun albasa ba. Sauran gidajen duk an bar wa baƙi haya.

A kan gadar akwai wata yarinya da jar laima a ɗage, bayanta baƙi kusan ashirin, tana ba su tarihin unguwa. Duk suka leƙo ƙasa da suka ga akwati.

"'Yata," na ce, "ara mini shida daga cikin mutanenki. Masu ƙiba."

"Kaka, me za su yi?"

"Zama kawai. Amma kowa ya sa wayarsa a aljihu. Wanda ya fito da ita, zan jefa ta a ruwa."

Ta faɗa musu da yarensu. Wani ƙaton mutum mai jan wuya ya fara saukowa, ya cire hularsa. Wasu biyar suka biyo shi. Suka tsuguna gefe da gefen akwatin, gwiwa na gugar katako. Tiziano ya zauna a gaba.

"Kowa ya sunkuya," na ce.

Muka ajiye filafili, ni da matuƙan da ke taya ni muka dafa ƙasan gadar da tafin hannu muna turawa. Duhu, warin gansakuka, numfashin ƙaton nan a kunnena. Bayan jirgin ya ɗan gogi dutse, ƙiii, ya tsaya. Ƙaton ya ja jiki ya koma can bayan jirgin da kansa don ya danne shi, ba wanda ya gaya masa. Muka fita haske.

A matakalar gaba suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Wata mata ta ɗan dafa akwatin kafin ta tashi. Ban ga waya ko ɗaya ba.

"Da yana raye da ya zage su tas," in ji Tiziano.

"Da ya zage ni ni ma. Tuƙa."

Mun isa tsibirin sha biyu saura minti goma.

Da yamma na dawo, ruwa ya janye. Matakalan ƙofar Alvise sun fito, guda huɗu, kore shar. An manta ba a kwashe shanyarsa ba. Na ja igiyar daga tagata, wandon ya taho a hankali, ya bushe.