Gayyar Baffa Hurshit

"Kauce daga nan!"

Na ja baya. Wani ruɓaɓɓen fallen katako ya faɗo daga saman rufin ya tarwatse a gabana, baƙi ƙirin, da gansakuka a jikinsa. Baffa Hurshit, maƙwabcinmu, ya leƙo daga sama. Bai tambaya ko ya same ni ba.

"Yashar, ka hango wani a hanya?"

"Babu kowa, Baffa."

"Duba da kyau. Idonka na karatu ne, ba ya ganin nesa."

Na sake dubawa. Hanyar ta gangara ta shige cikin itatuwa, ko kare babu a kanta. Can ƙasa, inda kwarin ya buɗe ta wajen teku, gajimare ya taru ya kwanta, fari a sama, baƙi a ciki. Bai fara hawowa ba tukuna.

Ranar gayyarsa ce. Ran Juma'a bayan an sallame ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa mutane ɗaya bayan ɗaya cewa Lahadi zai sake rufi. Kowa ya ce in sha Allah. A ƙauyenmu ba a ce wa tsoho a'a ido da ido. A zamaninsa, in aka amsa gayya an gama magana, kuma mai gida shi ke yaye tsohon rufinsa kafin jama'a su iso, don kada ƙarfin maza ya ƙare a kwasar ruɓa. Haka ya yi. Tun jiya ya yaye ɓangaren da ke kan ɗakin matarsa, inda yoyon ya fi yawa. Ni kam na ji irin in sha Allahun da suka yi, na kuma gaya masa. Ya ce me yaron da ya faɗi jarrabawar shiga jami'a ya sani game da maganar manya.

Matarsa, Inna Nazmiye, ta yi shekaru ba ta tashi daga gado, hankalinta kuma yana zuwa yana komawa. Tana yarinya ƙasa ta zaftaro daga dutse ta tafi da gidan ubanta. Yanzu in ta ji rugugi mai ƙarfi sai ta fasa ihu, wai dutsen na zuwa. A nan kuwa ruwa ba ya ɗaukewa sosai. Shi ya sa Baffa ya ƙi rufin kwano. A kan hartama, fallayen katakon da ake tsagawa da hannu, ruwan sama raɗa yake yi.

Ɗansu Jevat, da ke aiki a wata masana'anta can a birnin Bursa, bai yarda da wannan lissafi ba. Na ji su a waya cikin bazara, don Baffa ihu yake yi in yana waya. Jevat ya ce kwano zai biya, katako ya ninka shi uku a tsada, kuma masu tsaga shi sun mutu. Ya ce in dusar ƙanƙara ta riski rufin nan yana yoyo, zai zo ya ɗauke uwarsa ya kai ta bene a Bursa, ko uban ya so ko ya ƙi. Baffa ya kashe wayar. Sati bai cika ba ya sayar da saniyarsa da ɗan maraƙinta, ya sayi gungume. Duk lokacin zafi yana zaune a gindin bango yana tsagawa, shi kaɗai. Ga su nan a jere, ɗauri-ɗauri, suna ƙamshin ɗanyen ƙaro.

Mahaifiyata ta fito daga madafar su Baffa tana share hannu. Ita ta yi girkin gayyar: tukunya guda ta miyar kabeji da wake, da burodin masara da zai ciyar da rabin ƙauye.

"Yaya Hurshit, in sauke ko in bar ta a wuta?"

"Bar ta, Sabriye. Suna hanya."

Ta dube ni. Na kawar da kai.

Da hantsi muka ji ƙarar mota. Baffa ya miƙe tsaye a kan sandunan rufin, har ya gyara hularsa. Remzi ne, mai shagon shayi, shi kaɗai a tsohuwar a-kori-kurarsa. Bai ma kashe injin ba.

"Kai! Baffa, wa ya aske wa gidanka rabin kai?"

"Ina sauran?"

"Sun sauka gangare tun asuba, yankan ganyen shayi. Yankan ƙarshe ne, a kan kilo ake biya. Har limamin ma na ga ya ɗauki almakashi."

"Sun amsa mini."

"Sun ce in Allah ya so. To, ka ga bai so ba." Ya yi dariya, babu wanda ya taya shi. Ya leƙa wajen kwarin, dariyar ta tsaya. "Baffa, ina da tamfol a baya. Ka shimfiɗa, ka danne da duwatsu. Sati mai zuwa sai mu taru."

"Tamfol a iskar nan? Duk dare yana dukan kansa kamar ganga a kan matata?"

"To a maida ita ɗaya ɗakin mana."

"Ka taɓa gwada fitar da ita daga ɗakin nan?"

Remzi ya sosa ƙeya. "Wallahi da ba kayan nan zan kai ba..."

"Tafi. Kada shayinka ya huce."

Duk da haka ya jefo tamfol ɗin bakin hanya kafin ya ja. Nan ya zauna, babu wanda ya taɓa shi.

Baffa ya dube ni daga sama. "Kai kuma fa? Kana jiran jami'a ta turo mota?"

Na ɗora ɗauri guda a kafaɗa na hau tsani.

Daga ƙasa ake farawa, a bakin rufi, a yi ta hawa. Kowane layi ya rufe mafi yawan na ƙasansa. Ya nuna mini sau ɗaya: gefen da ya fito daga gindin itace shi ke kallon ƙasa, kuma a dakushe bakin ƙusa da guduma kafin a buga, in ba haka ba fallen ya tsage. Na tsaga biyu. Ya ɗauki gutsattsarin ya juya su a hannu, ya ajiye a gefe. Da ma zagina ya yi.

Ta tsakanin sandunan ina ganin katakan silin ɗin ɗakin Inna Nazmiye. Akwai wata tsaga, ta nan nake hango gefen bargo da hannunta guda a kai.

"Hurshit!" in ji ta daga ciki. "Wa ke tafiya a kaina?"

"Ni ne, mata. Kwanta."

"Ka sauko, ka tsufa."

"Ke kuma yarinya ce?"

"Na fi ka haƙora."

Ya yi murmushi da ƙusoshi a bakinsa. A baki yake riƙe su, ya zaro ɗaya-ɗaya.

Da azahar gajimaren ya cinye ƙasan kwarin. Gidajen gangare suka ɓace, sai hasumiyar masallacinsu ta rage, ita ma ta nutse. Iska ta tsaya cik. Tsuntsaye suka yi shiru. Mahaifiyata ta hau rabin tsani ta miƙo mana miya a kwano, muka sha a nan sama. Shi ya kurɓa kaɗan ya ture.

"Yaya, fuskarka ba ta yi mini ba."

"Ba ta taɓa yi wa kowa ba. Miƙo wancan ɗaurin."

Na lura ƙusa tana suɓuce masa daga hannun hagu. Ta faɗi, ta gangara, ya zaro wata. Yana yi yana murza kafaɗarsa da ƙotar guduma. Leɓɓansa sun koma launin toka.

"Baffa, ka sauka ka huta. Zan ci gaba."

"Ka tsaga mini saniyata?"

"Na iya yanzu."

"Ka iya. Amma hannu biyu ba su kai ba kafin wancan." Ya nuna da haɓa. Gajimaren ya iso gonar masarar da ke ƙasan gidanmu, yana shiga tsakanin karan a hankali.

Bayan la'asar ya rufe mu. Ban ƙara ganin gidanmu ba, ga shi kuwa jifa ɗaya ne. Sai rufin, da shi, da ni. Yayyafi ya fara, siriri, mai sanyi. Sabon katakon ya yi santsi. Na cire takalmi, don ƙafa ta fi kama shi. Saura layuka kaɗan mu kai ƙololuwa, ta nan kuma ruwa ke sauka kai tsaye a kan silin ɗinta.

"Hurshit, ana ɗiga mini a ƙafa."

"Yanzu zai daina."

"Dutsen ne?"

"Ba dutse ba ne. Yaron Sabriye ne, nauyi gare shi kamar sa."

Ina jera masa, yana bugawa. Numfashinsa ya fi ƙarar gudumar. Sau ɗaya ya tsaya, ya dafa katakon da tafin hannu, ya sunkuyar da kai. Na ɗauka zai faɗi, na matsa ƙasansa don in tare. Ya ɗago.

"Me kake kallo? Jera."

Da muka kai layin ƙarshe ruwan ya riga ya kece. Ya hau ƙololuwar ya zauna kamar mai hawan doki, bayansa jingine da bututun hayaƙi.

"Sauka ka duba mini ciki. Kowane lungu. Ka taɓa da hannu, kada ka yarda da ido."

"Mu sauka tare."

"Saura ƙusa kaɗan. Tafi."

Na sauka. Ɗakin da ɗumi, mahaifiyata ta hura murhu ta canza mata bargo. Na bi silin da tafin hannu, lungu-lungu. Inda ya jiƙe ɗazu ya daina ɗiga. A sama ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma a ciki sai wani shuuu mai laushi, da bugun gudumarsa jefi-jefi. Inna Nazmiye ta buɗe ido.

"Jevat, ka dawo?"

"Yashar ne, Inna."

"Ka rame. Ba sa ba ka abinci a can?"

"Suna ba ni."

"Ce wa ubanka ya shigo. Ruwa ake yi, mahaukaci."

Sai na lura gudumar ta yi shiru. Na jira ta sake. Mahaifiyata ma ta ɗaga kai tana jira.

Na hau tsanin. Yana nan inda na bar shi, jingine da bututun, hularsa ta jiƙe sharkaf. Gudumar na kan cinyarsa. Ƙusa biyu na tsakanin leɓɓansa. Idonsa a buɗe, ruwa na shiga, bai ƙifta ba.

"Baffa, babu yoyo."

Na sake faɗa, da ƙarfi. Sannan na zare ƙusoshin daga bakinsa, na rufe masa ido.

Ni kaɗai ba zan iya sauko da shi ba. Mahaifiyata ta buga wa Remzi waya. Kafin magariba motoci sun cika hanya. Mutanen ƙauye suka zo da kayan aikin gona a jikinsu, ganyen shayi manne da takalmansu, da igiyoyi, da tsani biyu. Maza shida suka hau rufin, wasu suka tsaya a ƙasa suna karɓa. Aiki ya tafi daidai, babu gardama, kowa ya san inda zai riƙe. Wani ya shafa sabon katakon ya ce, "Aiki ya yi kyau, wallahi." Remzi ya ce masa ya rufe baki. Bayan an shimfiɗe shi a ɗaya ɗakin, mahaifiyata ta ɗumama miyar ta zuba musu. Suka ci a tsaye, kowa na kallon kwanonsa.

Jevat ya iso washegari, aka yi jana'iza bayan azahar. Da aka watse ya zagaya gidan, ya tsaya ya daɗe yana kallon rufin: rabi sabo fari, rabi baƙi. Mahaifiyata ta same shi a nan.

"Jevat, ɗana, ka bar mana ita. Ɗakinta ba ya yoyo yanzu. Ni zan kwana da ita. Mutanen nan sun ce za su ƙarasa ɗaya ɓangaren ran Lahadi."

"Sun ce?"

Ta sunkuyar da kai.

"Inna Sabriye, na gode. Amma ba zan bar ta a kan dutsen nan ba."

A rana ta uku suka fito da ita a kan kujera, naɗe cikin bargo. Duk mun shirya jin ihu. Ba ta yi ba. A bakin ƙofa ta kama madogarar ƙofar da hannu ɗaya, Jevat ya ɓanɓare yatsun a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Ina Hurshit?"

"Zai biyo mu, Mama."

"Kullum shi ne na ƙarshe."

Motar ta gangara, gajimare ya haɗiye fitilunta. Jevat ya bar mini makulli, in rufe tagogi in kai wa mahaifiyata. Na shiga ɗakin. Sun tafi da katifa, sai ƙarfen gadon. Ana ruwa a waje, ƙasan ɗakin a bushe. A ƙarƙashin gadon, jikin bango, akwai wani ɗan matajin ƙaho, da farin gashi naɗe a haƙoransa.