Jirgi Ba Ya Jiran Kowa

Shekara arba'in da huɗu Lumène Saintil ta yi a Miami, tsakaninta da teku tafiyar minti ashirin a mota, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa tsoma ƙafarta a ciki ba. In cocinsu ya shirya fita bakin ruwa, ita ce mai dafa shinkafa da wake, ta loda wa mutane a mota, sannan ta ce gwiwa ke damunta. Kowa ya san ba gwiwa ba ce. Duk wanda ya baro Haiti a jirgin katako a waɗancan shekarun yana da abin da ba a tambayarsa, don haka ba a tambayarta.

'Yarta Mirlande ce kaɗai ba ta iya wannan kawaicin ba. A nan aka haife ta, ma'aikaciyar jinya ce, irin matan nan da suke ganin kowane ciwo yana da magani in dai an bi ƙa'ida. Da Lumène ta ajiye aikin gyaran ɗakuna a otal, sai Mirlande ta yanke hukunci ita kaɗai: kwana bakwai a jirgin ruwa na shaƙatawa, uwa da 'ya, a zagaya tsibirai a dawo. Ta ce shekara talatin uwarta tana shimfiɗa wa wasu gado, yanzu kuma a shimfiɗa mata. Lumène ta ce a'a har sau uku. A na huɗu ta gaji ta yi shiru, Mirlande kuwa ta ɗauki shirun a matsayin amincewa.

Daga nan duk Lahadi bayan coci sai ga ta da kwamfuta da wani ƙaton fayil mai alamomi kala-kala, kai ka ce yaƙi za su. Ta sabunta fasfon uwarta. Ta kama ɗaki mai baranda a tsakiyar jirgi, wai a nan ne ba a cika jin tangaɗi ba. Ta buga takardun da ake liƙa wa akwatuna, ta naɗe su da salatif don kada ruwa ya taɓa. Ta sayi maganin jiri, ta nemi wanda zai sauke su a tasha ƙarfe goma sha ɗaya daidai, domin ajiye mota a can sai mai ƙarfi. Lumène tana soya agada tana cewa to. Ita dai ta riga ta shirya nata shirin: za ta shiga ɗakin nan, ta ja labule, ta fito ranar da aka dawo.

Lahadi ta huɗu aka zo kan yawon da ake yi in jirgi ya tsaya. A Jamaika akwai hawan duwatsu a cikin ruwa mai gangarowa, Lumène ta ce ba da ƙasusuwanta ba. A wani wurin akwai kwalekwale mai gindin gilashi da ake kallon kifaye, ta ce kifin da take son gani yana cikin tukunya. Mirlande ta yi tsaki tana dariya, ta buɗe zango na ƙarshe. Wani ɗan tsibiri ne a ruwan Bahamas da kamfanin jirgin ya mallaka, ya laƙa masa suna mai zaƙi. Babban jirgi ba ya iya matsawa kusa, sai ƙananan jirage su yi ta jigilar mutane daga safe zuwa ƙarfe huɗu.

Lumène ta leƙo ta kafaɗar 'yarta da cokali a hannu. An zana taswirar da launuka kamar ta yara: ga rumfuna, ga wurin gasa nama, ga wurin hayar lema. Tsibirin dogo ne siriri, ya lanƙwasa kamar lauje. A can ƙarshensa kuma ga guntun hasumiyar fitila, kanta a rushe, an rubuta cewa ana kai mutane ganinta a ƙafa.

Man suya ya fara hayaƙi a kan wuta, sai da Mirlande ta tashi ta kashe.

Ga abin da Mirlande ta sani: uwarta ta zo a jirgin katako da cikinta wata shida, kuma tana da ƙanwa mai suna Ozana da zazzaɓi ya kashe a hanya. Haka Lumène ta faɗa wa mijinta da ya riga ta zuwa, haka ta sa aka rubuta wa mahaifiyarsu a gida, haka tsohuwar ta mutu tana sani. Amma ba zazzaɓi ba ne. Jirginsu ya tsage, suka yi kwana shida a wani tsibiri siriri mai rusasshiyar hasumiya, mutum sittin da wani abu, maza suna toshe ɓarakar da tsumma da kwalta. Rana ta bakwai da hantsi wani jirgin sama ya gitta ƙasa-ƙasa. Mai jirgin nasu ya ce masu sintiri ne, ruwa kuma ya cika, in ba a tashi yanzu ba sai dai a mayar da kowa inda ya fito. Ozana, 'yar shekara goma sha bakwai, tana can bayan tsibirin. Lumène ta roƙa, ta yi kuka, ta riƙe rigar mutumin. Ya ce ta zaɓa. Ta hau.

Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, in ji mutane. Amma ba su faɗi yadda abin da aka ajiye a cikin yake tsufa tare da mai shi ba. Tsoron Lumène ɗaya ne a duniya, ranar da 'yar nan za ta ji, ta dube ta da wani ido daban.

Satin nan ba ta samu sukuni ba. Ta ce wa kanta tsibirai a ruwan nan sun fi a ƙirga, hasumiya kuma ba ɗaya ba ce. Ranar Talata ta saka tabarau ta kira lambar kamfanin da ke cikin fayil. Wata yarinya mai fara'a ta ɗauka. Lumène ta tambaya da Turancinta na otal, ko kafin kamfani ya gyara wurin akwai mutane a kai. Yarinyar ta ce babu kowa, tsuntsaye ne kawai. Ta tambaya ko masu ginin sun tarar da wani abu. Yarinyar ta ce kamar me? Lumène ta ce ba komai. Sai yarinyar ta tambaye ta ko tana son a ajiye mata rumfa mai inuwa, sun kusa ƙarewa.

Daga ranar ta fara jin takun. Da rana tsaka, tana shanya a bayan gida, sai ta ji ƙarar silifas a kan jiƙaƙƙen yashi, fat, fat, fat, yana tahowa ba ya isowa. Bayan gidanta siminti ne, babu yashi ko na magani. Ta waiga, babu kowa sai zanen gado yana kaɗawa. A kantin sayen kaya ta ji shi a bayanta tsakanin layin shinkafa da na sabulu. A coci ranar Alhamis ta ji shi a ƙarƙashin waƙa. Ba takun gudu ba ne sosai, na mai sauri ne da ke taka-tsantsan, kuma Lumène ta san dalilin taka-tsantsan ɗin. Wannan ne abin da ko a zuciyarta ba ta yarda ta tsaya ta kalla.

Ta yi niyyar ƙirƙiro ciwo. Amma yi wa ma'aikaciyar jinya ƙaryar ciwo ɓata lokaci ne, za ta ɗauko abin awo ne ta ƙaryata ka a gabanka. Kuma ga wani abu da ya ba ta mamaki: ba ta son a fasa. Tana tsoron tsibirin nan kamar mutuwa, tana kuma son ta taka shi.

Lahadi ta zagayo. Mirlande ta zo da sabon darasi, wai dokar da ta fi kowace muhimmanci. Agogon jirgi ake bi, ba na gari ba, kuma jirgi ba ya jiran kowa. Ta ce masu yawan tafiya a jiragen nan suna da wata al'ada: in lokacin tashi ya yi, sai su fito baranda da kofuna a hannu, suna kallon waɗanda suka makara suna gudu a kan gadar tasha. A yi musu ihu, a tafa, a ɗauke su a waya. Har gasa ake yi ta wanda ya ɗauki mafi ban dariya.

"Zo ki gani, Manmi, wallahi sai cikinki ya yi ciwo," in ji ta, ta juyo da kwamfutar.

Na farko wani ƙato ne ja wur da rana, hularsa ta faɗi, ya tsaya ɗauka, mutane suna ihu ya bar ta. Ya samu shiga da kyar. Na biyu miji da mata ne suna gudu suna zagin juna. Mirlande tana dariya har da dukan tebur. Na uku wata budurwa ce ita kaɗai, da jaka a hannu. An riga an janye matakala. Ta iso bakin gadar ta tsaya, ruwa yana buɗewa tsakaninta da jirgi, daga sama ana ta fito ana ɗaga mata hannu. Ba ta yi ihu ba. Tsayawa kawai ta yi tana duban barandodin ɗaya bayan ɗaya, tana neman nata.

"Wannan tana da 'yan'uwa a ciki?" Lumène ta tambaya.

"Oho. Ƙila suna sama suna ɗaukar ta."

"To in ni ce na makara fa? Ke ya za ki yi?"

"Ke da tafiyar kunkurunki? Ai hawa zan yi abina, tsohuwa. In fito baranda da lemona, in ɗaga miki hannu, in ce sai mun haɗu a Miami."

Wasa take yi, Lumène ta san wasa ne. Ta ajiye wuƙar da take yanka kabeji, ta goge hannu a gaban rigarta.

"Ni ko hannun ban ɗaga mata ba," ta ce. "Sunkuyar da kai na yi."

Mirlande ta tambaya wa. Sai Lumène ta zauna ta faɗa mata, tun daga tsagewar jirgi har zuwa rigar mutumin da ta riƙe ta saki. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma nemi uzuri ba. Ta faɗi cewa babu zazzaɓi, babu kabari, da ranta suka bar ta. Ta faɗi cewa da suka iso ta ji tsoron gaya wa hukuma, kada a ce su koma, daga baya kuma kunya ta hana. Tana magana idonta yana kan taswirar nan, domin ba ta iya duban fuskar 'yarta. A kwamfuta mutane suna ci gaba da tafi, har Mirlande ta miƙa hannu ta rufe.

Can Mirlande ta ce, da wata murya ƙarama wadda uwarta ta rabu da ji tun tana 'yar makaranta, za ta kira gobe ta soke tafiyar.

"Kada ki soke. Ki sa mu a ƙaramin jirgin farko mai sauka, ki sa mu a yawon hasumiyar nan."

"Manmi, ba ki ma tabbata shi ne ba."

"Ban tabbata ba. In ba shi ba ne, ai ruwan ɗaya ne, za ta ji. Shekara arba'in da huɗu ban kira sunanta da ƙarfi ba."

Mirlande ta jawo fayil ta buɗe shafin, ta ɗauki biro, amma ba ta rubuta ba. Halinta ne, ba ta barin abu sai ta gane yadda aka yi ya faru. Ta ce tsibirin nan ai siriri ne, ga shi a taswira, daga baya zuwa gaba bai wuce minti biyar ba. Ozana ba ta ji ana kira ba ne? Ba ta hango jirgin ba?

"Ta ji. Ta hango. Na ga fitowarta daga cikin ciyayi, ƙafarmu ba ta gama barin yashi ba."

"To me ya hana ta gudu?"

Lumène ta ɗago, ta dubi 'yarta a karon farko.

"Ni na aike ta. Kwana biyu kin daina motsi a cikina, na ce ƙishirwa ce. Akwai wani rami a dutse can baya da ruwan sama yake taruwa, na ba ta gwangwanin madara na ce ta samo mana. Ta samo. Da hannu biyu ta riƙo shi, a cike, tana sauri tana kallon sa kada ya zube. Mutane suna ta ihu ta yar ta sheƙo. Da ta yar da ta iso."

Mirlande ta ajiye biron.

"Har ruwa ya kai mata ƙirji ba ta yar ba," in ji Lumène. "Ɗaga shi ta yi sama da kanta."