Ranar da Na Zama Chadi

Da malaminmu na hulɗar ƙasashe ya ce za mu kwaikwayi zaman Majalisar Ɗinkin Duniya a aji, kowa ya yi rububin manyan ƙasashe. Fredrick, mai surutun ajinmu, ya cafke Amurka. Ni da na makara saboda neman Keke Napep daga unguwarmu ta Kagarawal, Chadi aka bar mini. Har dariya aka yi.

Abin ya ƙona mini rai. Na koma gida na baje duk abin da ake koya mana: tarihi, tattalin arziki, dokar ƙasa da ƙasa, har da Faransancin nan da ke ba ni wahala. Ina wanke-wanke ina yi wa tukwane jawabi a kan ƙafewar Tafkin Chadi. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Batul, lafiyarki kuwa?"

Na ce, "Lafiya lau, Inna. Ƙasa guda aka ɗora mini."

Ranar zaman, Fredrick ya zo cikin kwat, ya yi ta zuba ba wanda ya tanka. Da aka zo kaina, ko rabin jawabina ban kai ba Fredrick ya ɗaga hannu yana murmushi.

"A taƙaita mana, akwai manyan batutuwa a gaba."

Ban zauna ba. Na dube shi ido cikin ido.

"Wakilin Amurka ya sauke hannunsa. Ƙasata ba ta gama magana ba."