Fili Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Kwana uku suka rage, Elsabe Labuschagne kuwa har yanzu ba ta da karaban, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota. Tun daga Kroonstad take taka a-kori-kurar nan kamar wadda aka biyo, ƙanenta Wynand na gefe ya ƙanƙame ƙofa.

"Yaya, rage wuta mana! Karaban dai ba ya gudu sai an ja shi."

"Rufe min baki, Wynand."

Dokar sansanin hutun nan na bakin teku ba ta san uban kowa ba. Wanda bai kafa ɗakinsa mai taya a filinsa ba ranar sha biyar ga Disamba, shi ke nan, an ba na gaba a layi. Shekara talatin da ɗaya ita da mijinta Fanie suna sauka a fili mai lamba goma sha huɗu, ƙarƙashin bishiyar da 'ya'yansu suka koyi hawa. A watan Yuni Fanie ya rasu. A Oktoba ƙanƙara ta sauko ta yi wa tsohon karaban ɗinsu kaca-kaca. Yaran suka ce ta haƙura da filin. Haƙura? Ta ce ko da jan ciki ne sai ta je.

Karaban huɗu ta duba tun Litinin, uku daga ciki lafiyarsu ƙalau, ta ƙi su don gado ɗaya gare su. Ita da Fanie kullum mai gado biyu suke ja, ɗaya a gaba ɗaya a baya, saboda munsharin bawan Allahn nan sai ka rantse injin niƙa ne.

Na biyar yana wata gona bayan Senekal, wurin wani tsoho ɗan shekara tamanin, Oom Gawie, wato Kawu Gawie a yarensu. Irin wanda take nema ne sak: jikinsa ƙarfe, amma goshi da ƙeya suna buɗewa, gado ya fito waje da rumfar tamfol a kansa.

"Ku fara shan kofi," in ji tsohon.

"Sai mun gama, Oom."

Ta shiga aiki yadda Fanie ya koya mata. Ta bi kusurwa huɗu tana danna daɓen da diddige, ko akwai inda katako ya yi laushi. Ta zura hanci cikin kowace kabad. Ta sa Wynand ya hau tsani da tiyo yana kwara wa rufin ruwa, ita tana ciki ta kafa wa silin ido. Ko ɗigo. Aka zare sakatun gaba, gado ya sauko, tamfol ya miƙe tsaf, fes da shi. Ta duba agogo karo na ba adadi.

"Saura na baya, Oom."

Tsohon ya cire hula ya mayar. "Ai duk ɗaya ne da na gaban, 'yata."

"To a buɗe mu gani."

"Sakatar tana da taurin kai. Kofin nan fa zai huce."

Wynand ya matso kusa da kunnenta. "Ruwa ba ya tsami banza, Yaya."

Ai ba sai an faɗa mata ba. Ranta ya ɓaci. Dubi tsoho da furfurarsa zai cuci mace don ya ga ba miji a bayanta! Ta zagaya da kanta ta fizge sakatar, wadda ko gardama ba ta yi ba.

Warin ne ya fara dukan su. Fumfuna ta cinye tamfol ɗin baƙi ƙirin, Wynand ya taɓa da yatsa, yatsan ya wuce ta ɗaya gefen. Elsabe ta buɗe baki za ta wanke tsohon tas, sai idonta ya sauka kan katifar. Ga matashi da shatin kai a jikinsa, ga tabarau na mata, ga rigar sanyi da aka saƙa rabi, alluran na soke a ƙullin zaren.

Oom Gawie bai matso ba. Daga inda yake tsaye ya ce, "Na Hettie ne, matata. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Muna sansani ana tafka ruwa ta yanke jiki ta faɗi. Na naɗe tamfol ɗin a jiƙe na ja mu asibiti." Ya kau da kai daga katifar. "Shekara hamsin ina yi wa mutane faɗa kada a naɗe tamfol da danshi. Na san abin da ke ciki. Kasa buɗewa na yi."

Kunya ta rufe Elsabe, ta rasa inda za ta sa idonta.

Wynand ya ja ta gefe. "Abin tausayi ne, amma mu tafi. Sabon tamfol sai mako shida, masu ɗinkin ma duk sun rufe sai Janairu. An ce akwai wani karaban a Welkom, in mun kama hanya yanzu..."

"Gado nawa?"

"Biyu mana. Ba shi kike ta yi mana masifa a kai ba tun Litinin?"

 Ta taka zuwa gaban karaban ɗin, ta tsaya tana kallon gadon nan mai lafiya. Kwana huɗu tana ƙona mai, tana zagin masu sayarwa, tana neman inda Fanie zai kwanta. Ta dafa ƙarfen da ake ɗaura wa mota ta zauna a kai. Tun Litinin sai yanzu ta zauna a wani wuri da ba kujerar mota ba.

"Oom," ta ce, "zo ka ɗauki kayan Inna Hettie da hannunka. Sai mu rufe bayan, mu sha kofin."

"Yaya, gadon fa ya mutu!" in ji Wynand.

"Na gani. Juyo da motar ka ɗaura." Ta share fuska da bayan hannu. "Gado ɗaya ya ishe ni."