Charangon Baba Fermin

"Karimatu, sautin ya dushe," in ji Baba Fermin, yana miƙo mini charangonsa daga kan gado. "Damshin London ne ya shige shi."

Ɗan ƙaramin abin kiɗa ne na katako mai tsirkiya goma, kamar ƙanen gurmi. Da shi ya baro duwatsun Boliviya shekara arba'in da suka wuce. Ƙofarsa tana kallon tamu a hawa na tara, a Plumstead. Ƙafafunsa sun ƙi, lif ɗin ginin ma ya ƙi, wata biyar ke nan bai taka ƙasa ba. Ni nake kai masa miya, shi kuma ya yi mini kiɗa, ko ina so ko ba na so.

To ni 'yar makaɗi ce. Na tashi ina ganin mahaifina yana kara ganga a bakin wuta idan fatar ta saki. Na ce a raina, wannan ai ƙaramin aiki ne. Na tafi da shi gidanmu, na jingina shi a jikin hitar ɗumama ɗaki, na shiga kicin ina ji da kaina.

Ina cikin yanka albasa na ji ƙas! Fuskar katakon ta tsage, maɗaurin tsirkiyoyin ya ɗago, duk sun saki.

Kwana uku maigidana Lawal nake aikawa da miyar. Taku huɗu ne tsakanin ƙofofinmu, kunya ta hana ni yin su.

"Ki je ki faɗa masa," in ji Lawal. "Nurse ɗin da ke duba shi ta ce da ƙyar ya kai weekend. Abin nan yake ta tambaya."

Ranar Alhamis da hantsi na shiga da charangon, na durƙusa, na faɗi abin da na yi. Ya daɗe yana bin tsagar da babban yatsa.

"Katako ne, 'yata, ba fata ba," ya ce. "Ba a kai shi kusa da zafi."

Ya kwantar da shi a ƙirjinsa, ya lumshe ido, ya fara kaɗawa. Tsirkiyoyin ba su ba da komai ba sai ɗan karkarwa. Bai fasa ba, kansa yana bin kiɗan.

"Kina ji?"

"Ina ji, Baba."

Ƙarya na yi.

Kafin la'asar ya cika. Da ma'aikaciyar jinya ta zo ɗauke charangon, yatsun hannunsa na hagu suna nan a wuyan abin kiɗan, danne da tsirkiya biyu.